Yadda Jiniya Ta Kai Zinariya Ɗakin Miji

Saura ƙiris ban rubuta wannan ba. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ni karatuna a aji biyar na firamare ya tsaya, kuma ko a kasuwar Kurfi idan mai tumatir ya tsuga mini tsada ba na iya cewa ya rage, sai dai in karɓa in juya. Gwaggo Sodangi, yayar babana, ita ta matsa. Ta ce, "Rabi'atu, ke da kika yi magana a lasifika gaban manya, takarda ce za ta ba ki tsoro?" To ga shi nan. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Ranar Asabar da ta wuce muka kai Zinariya ɗakin miji. 'Yar ƙanin babana ce, tare muka tashi, kuma ni ce babbar ƙawa. Angon, Kamilu, faci yake yi a Dutsin-Ma. Yanzu ba a kai amarya bayan magariba kamar da, kowa ya san dalili, don haka ana idar da azahar muka fito, mu da 'yan rakiya.

Kafin mu shiga mota Gwaggo ta kama kunnena. Ta ce, "Daga ɗakin uwarta zuwa ɗakin mijinta, ba mai ganin fuskarta, ba mai jin muryarta. Buɗar kai ta dangin miji ce, Inna Adama uwar Kamilu na can tana jira. In wani ya riga ta, kin san ba mu da bakin magana a gidan nan har abada. Yau ke ce bakin Zinariya."

Ni da ko nawa bakin ban gama mallaka ba.

Direbanmu Mutawakkil tun asuba yake layin mai. A nan dole in tsaya in gode wa manyanmu, Allah Ya ƙara musu lafiya, domin layin mai ya farfaɗo da zumunci. Mutawakkil ya ce a layin ya haɗu da abokinsa da suka rabu shekara goma sha biyu, aka yi masa aski, ya ji wa'azi biyu, har an yi masa tayin gona. Mai ne kawai bai samu sosai ba. Ya ce abin da ke tankin zai kai mu Dutsin-Ma in dai iska na bayanmu.

Da ya kai mu ɗin. Amma muna dab da shiga gari sai ga igiya an tare hanya. Gefe guda fili ne cike da rumfuna da tutoci da farare kujeru, ga wani ƙaton allo an rubuta: Ranar Baje Kolin Al'adun Aure na Duniya. A ƙasa an sa sunan masu abin, wai Kwamitin Raya Al'adun Aure da Makamantansu. Ban taɓa jin su ba, kuma ina jin ba zan ƙara ji ba sai baɗi. Aka ce ba mai wucewa sai babban baƙo ya iso. Mutawakkil ya ƙi kashe mota don in ta mutu sai da turi. Muna nan tana ta shan man a tsaye, can ta yi tari biyu ta yi shiru. Ya ɗauki jarka ya ce yana zuwa.

Sai ga wani mutum a guje, babbar riga na tashi, fayil a hammata, biro uku a aljihu. Ban san sunansa ba, bari in kira shi Ranka-ya-daɗe Mai Fayil. Ya leƙo ta taga.

"Haba Hajiya! Sai yanzu? Tun sha biyu nake neman ku. Ina amaryar? Yauwa, madalla, har da lulluɓi. Ku fito, ku fito."

Gwaggo ta ce, "Mi aka yi, ɗan nan?"

"Kujerunku na can gaba a inuwa, ga ruwan sanyi."

Gwaggo ta dube mu ta riƙe haɓa. "Ikon Allah. Ashe yanzu har tarbar amare ake yi a bakin gari. Wa ya ce mutanen nan ba su aiki?"

Ni na karanta allon, na gane komai. 'Yan wasa suka ɗauko haya don su nuna auren Hausa, ba su zo ba, wataƙila suna nasu layin man, shi kuma ya ga lulluɓi ya ɗauka mu ne. Na buɗe baki zan faɗa. Mutumin ya kalle ni. Sai na tsinci kaina ina kallon lallen ƙafata. Ga Zinariya tana jiƙewa da gumi a cikin mota kamar tanda. Muka fito.

Jama'a, na ga duniya a fili ɗaya. Kowace rumfa da ƙasarta. A ta kusa da mu wata mata ce da murjani har wuya, riƙe da kofi. Ashe Madam Nkechi ce mai shagon kayan masarufi, shekararta ashirin da aure, 'ya'ya biyar. Ita aka kama ta zama amaryar Ibo. Ta ce mini a wurinsu uban amarya ke ba ta abin sha a kofi, ta shiga cikin taro tana neman angonta, samari na ta kiranta ta ba su, sai ta gano shi ta durƙusa ta miƙa masa.

Na ce, "A gaban mutane? Ido buɗe?"

Ta ce, "Har da rawa, ƙanwata."

Wallahi da ni ce da na shanye abina na koma gida.

Na ce to ina angon nata. Ta ce, "Yana shago. Wa zai rufe shago ran Asabar? Sun ce in miƙa wa duk wanda na ga dama. Kuma zoɓo suka zuba mini."

Gaba da ita Baba Lasisi bakanike ne, angon Yarbawa. Su kuma ango da abokansa ke kwanciya rub da ciki gaban iyayen amarya, ƙirji a ƙasa, suna roƙo. Tun safe ake sa bawan Allah gwaji, farar rigarsa ta koma ja. Gwaggo ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wanga al'ada a kawo ta Kurfi. Marigayi Malam ko rusunawar kirki bai yi wa babanmu ba."

A can ƙarshe auren Turawa ne. Da yake ba a samu Baturiya ba, mutum-mutumin shagon tela aka tsayar, irin wanda ake rataya wa ɗinki. Farin mayafin da aka yafa mata na kalla na sake kallo. Gidan sauro ne, sabo fil, irin wanda aka rubuta sunayenmu bara aka ce za a raba wa masu ciki da masu goyo. Na ji daɗi da na gan shi. Da ma ina tunanin ko ya ɓata a hanya, ashe yana nan lafiya, aure ya yi.

Can sai jiniya. Motoci bakwai, baƙaƙe, ba wadda ta yi tari. Babban baƙo ya fito. Shi ma ban san sunansa ba, amma na san irinsu, Mai Girma Mai Almakashi. Fanfon unguwarmu sau uku irinsu na yanke masa ƙyalle, har yau ko gumi bai taɓa yi ba. Ya yanke na ranar, aka tafa, aka shiga zagayawa da shi, masu ɗaukar hoto na binsa da baya da baya.

Madam Nkechi ta miƙa masa zoɓo ya kurɓa. Baba Lasisi ya kwanta. A wurin Turawa aka ce Mai Girma ya ɗaga mayafin amarya, haka suke yi. Ya ɗaga, aka tafa. Sai aka ce kuma Turawa na watsa wa ango da amarya shinkafa don albarka. Aka farke buhu. Shinkafa, jama'a. Fara tas, ba tsakuwa, manya na ɗiba da hannu biyu suna watsa wa gunkin tela. Kajin unguwar suka samu tallafin da muka yi shekara muna jira.

Gwaggo ta miƙe zumbur. "Innalillahi! Abinci a ƙasa?" Ta kwance gefen zane ta nufi wurin tana korar kaji.

Shi ke nan, 'yan rakiya suka bi ta kallo, daga ni sai Zinariya. Mai lasifika ya ce, "Yanzu kuma namu na gida! Mai Girma zai karrama amaryar Hausa, zai buɗe mata kai da hannunsa mai albarka!"

Masu hoto suka jeru. Wayoyi suka ɗagu sun fi ɗari. Na san kafin la'asar hoton zai isa wayar Kamilu, ya isa tsakar gidan Inna Adama: amaryarsu, kai a buɗe, a bakin titi, hannun wani namiji a kan mayafinta. Zinariya ba ta da ikon magana. Ta ƙarƙashin lulluɓi ta lalubo cinyata ta murɗe. Har yanzu wurin baƙi ne.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsaya tsakaninta da Mai Girma, wanda har ya miƙo hannu. Mai lasifika ya ɗauka cikin wasan ne, ya kanga mini abin a baki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan amaryar gaske ce. Tana da miji. Motarmu ce ta mutu."

Muryata ta fito ta rumfa huɗu, har na waiga in ga wace ce. Fili ya ɗauki dariya da tafi. Ranka-ya-daɗe Mai Fayil ya ce, "Ka gani, ranka ya daɗe? Sati biyu muna horar da su." Mai Girma ya yi murmushi ya ƙara miƙo hannu.

A nan na koyi abin da ba a koya mini a aji biyar ba. In ka faɗa wa manya gaskiya tsirararta, sai su ɗauka wasan kwaikwayo ne. To sai na yi musu wasan.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai a al'ada ba a buɗe kan amarya a fili. Sai an kai ta ɗakinta. Kuma babban baƙo shi ke kai ta, a motarsa."

Ya dakata. Ya juya wajen Mai Fayil. "Haka ne?"

Mai Fayil ya buɗe fayil, ya juya shafi, ya juya wani, ya lashi yatsa ya ƙara juyawa. Ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Ɗakin ma mun tanada. Shi ne kashi na biyu."

Allah Ya saka wa wannan bawa da alheri. Bai taɓa ganin ɗakin ba, amma ya tanada.

Haka aka buɗe mana baƙar mota mai sanyi kamar randa. Na sa Zinariya a tsakiya, Gwaggo ta shigo da ƙullin shinkafa a cinya, sauran 'yan rakiya suka cika motocin baya. Aka kwance igiyar da ta hana mu wucewa. Jiniya a gaba, ni ce mai nuna hanya: a yi dama, a yi hagu, a yi hankali da kwata. Muka wuce Mutawakkil a bakin titi da jarkarsa, baki buɗe. Gwaggo ta ɗaga masa hannu ta gilashi kamar wadda aka haifa a ciki. Zinariya kuwa jikinta sai rawa yake. Na ɗauka kuka ne irin na amare, na rungume ta. Ashe dariya ce take cin ta, ta cusa mayafi a baki don kar murya ta fita.

Lungun su Kamilu bai taɓa ganin mota bakwai ba. Abokan ango suka watse, wani har ya haura katanga, don a saninmu jiniya ba ta shigowa lungu da alheri. Mata suka fito da guɗa. Muka shige da amarya da ƙafar dama, kai a rufe, baki a rufe, rana ba ta ko yi ja ba.

Mai Girma ya taho zai bi mu. Inna Adama ta tare ƙofar zaure, 'yar tsohuwa ko kafaɗarsa ba ta kai ba.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Maza nan suke tsayawa."

"Hajiya, ni ne zan buɗe kan."

"Kan wa?"

Mai Fayil ya shiga juya shafi. Inna Adama ta ce, "A shimfiɗa wa baƙi tabarma, a kawo musu fura." Ta saki labule.

An ce Mai Girma ya zauna ya sha, ya ce furar ta yi. An ce Kamilu ya zo ya gaishe shi, shi kuma ya yaba wa Kamilun, ya ce ya iya fitowa a ango kamar gaske. Kafin ya tafi ya yi jawabi, ya yi alkawarin gyara kwatar lungun, don haka ina tausaya wa kwatar. Sannan ya aiko mana ciki da kyauta, wani faffaɗan faranti mai ƙyalli, an rubuta: Na Ɗaya, Ƙungiyar Wasan Gargajiya Mafi Ƙwarewa. Madam Nkechi ta zo ta biyu. Baba Lasisi, da ya yini a ƙasa, ko ambatonsa ba a yi ba.

Ba zan ce manyanmu ba su da amfani ba. Ga shi idona ya gani, motar da aka saya da sunan talaka ta ɗauki talaka, sau ɗaya, bisa kuskure. Ina roƙon kada a hukunta kowa a kan haka.

Ni na kwana a gidan, kamar yadda babbar ƙawa ke yi. Da gari ya waye, kafin dangin miji su taru buɗar kai, na dama wa Zinariya kunun gyaɗa. Na duba cikin kayan jere ban ga murfin kwanon ba, ga ƙudaje. Sai na ɗauko farantin Na Ɗaya na kife a kai. Ya zauna daram kamar an auna. Na kai mata har ɗaki, Inna Adama ta taɓa shi ta ce, "Kai, wanga murfi da kyau yake. A ina ake samun irinsa?"

Na ce mata sai an yi kwamiti.