Hular Kwano a Kan Mai Albasa

Jama'a ku taya ni murna, jiya Laraba na zama injiniya. Ni ɗin nan dai da kuka sani, Badaru mai albasa na Fatakwal, wanda ko ƙwan lantarki ne ya mutu a gida sai na jira yara su dawo. Ban shiga aji ba, ban zana jarrabawa ba, ban ma roƙa ba. Babbar riga kawai na zumbula na tafi gaisuwa, na dawo da muƙami da ciwon wuya.

Ga yadda abin ya faro. 'Yata Firdausi ta gama digirinta na farko a injiniyancin gine-gine, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida. Sai ƙofa biyu suka buɗe mata lokaci guda. Wata jami'a a Inugu ta ba ta gurbin digiri na biyu, wanda 'yan boko ke kira mastas. A nan Fatakwal kuma wata mata mai suna Madam Ibinabo, mai ɗan ƙaramin kamfanin gyaran kwalbatoci a unguwannin bakin ruwa, ta ce ta zo ta kama aiki ran Litinin. Ran Litinin ɗin nan kuma ake rufe rajista a Inugu. Dole ta ɗauki ɗaya ta saki ɗaya.

Ita hankalinta na kan aikin. Ni kuwa na kafe sai mastas.

"Baba," in ji ta, "ni fa har yau ban taɓa zuba kankaren da ruwan sama zai gwada ba. Ka bar ni in shiga taɓo tukuna, in san abin da ban sani ba."

Na ce, "Taɓo? Duk wahalar nan da muka sha don ki shiga taɓo ne? Kamfanin ma da ofishinsa kwantena ce!"

Uwarta Kubura ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, wai kai za ka yi karatun ko ita?" Na yi kamar ban ji ba.

Kada ku ɗauka taurin kai ne kawai, ina da hujjata. Lokacin da ake neman ƙuri'a, wani babba ya zo har rumfarmu ta albasa. Ba zan kama suna ba, mu dai kira shi Mai Girma Sarkin Almakashi, Shugaban Hukumar Lambatu da Sauran Abubuwan da Ya Kamata Su Riƙa Gudu. Ya zauna a bencinmu, ya ci tsire har da lasar yatsa, ya ji ina da 'ya mai karatun injiniya, ya dafa kafaɗata ya ce ta kawo mastas kawai, kujerarta na nan tana jiranta. Maƙwabcina Gwadabe mai tsire shaida ne. Ɗansa Imrana ma da irin wannan alkawari ya je ya yi nasa mastas ɗin, kuma kullum Gwadabe sai ya cika mana kunne a majalisa: "Ai Imrana yanzu ko'ina Oga zai je, yana tare da shi."

Saboda haka na ce kafin Litinin sai na kai Firdausi gabansa ta ji da kunnenta. Mu kuma kun san ba ma zuwa wurin babba hannu rabbana. Na zaɓi albasa masu kyau na cika kwando, Gwadabe ya naɗe tsire mai zafi, muka ɗauko shaddar Sallah muka kafa huluna. Firdausi na biye da mu a keke-napep tana ta kumbure-kumbure.

A ofis aka ce Oga ba ya nan, ya tafi ƙaddamar da aikin lambatu. Wane lambatu? Ashe na layinmu ne! Wannan da duk damina yake amayo ruwa cikin rumfata, albasa ta tsiro tun kafin in sayar. Kai, lambatun nan ya ga gata. An ƙaddamar da shi har na manta sau nawa, kuma duk ƙaddamarwar sai an yi masa sabon allo. Da allo na jan ruwa, da tuni unguwarmu ta bushe ƙayau.

Muka juyo. Ga rumfuna, ga kujeru, ga masu kiɗa, ga wata katafila an shafe ta da sabon fenti sai ƙyalli take. Ko tsayawa ba mu gama yi ba, sai ga wani saurayi mai kwat ya sheƙo da gudu, gumi na zuba, rungume da hulunan kwano farare tas. Ya dubi babbar rigata, ya dubi ta Gwadabe, ya yi ajiyar zuciya.

"Alhaji! Una don come! Abeg wear am, Oga dey road."

Wai mu saka, Oga na kan hanya. Kafin in buɗe baki ya kifa mini hular kwano a kan hulata zanna. To ni a tarbiyyar da aka yi mini, in ka je gaisuwa aka karrama ka da wani abu, ba ka mayarwa. Na ɗauka irin tasu karramawar ke nan a nan kudu. Na rusuna na ce na gode, Allah ya ƙara girma. Gwadabe ma ya karɓi tasa da hannu biyu, har yana tambayata ko ta zauna daidai.

Firdausi ta matso ta gaya wa saurayin da Turancinta mai kyau cewa ita ce injiniyar, mu iyaye ne kawai. Ya dube ta sama da ƙasa, ya yi murmushi, ya miƙa mata faranti mai ɗauke da almakashi.

"Fine girl, hold this one."

Aka jera mu gaban katafila. Sai can na fahimta, daga bakin mai sanarwa, cewa mu ne tawagar ƙwararrun injiniyoyi da aka ɗauko musamman daga arewa. Na waiwaya in ce a yi gyara, Firdausi ta raɗa mini, "Baba, kada ka damu, ba za a ce ka tuƙa ba. Katafilar ba ta da inji. Kaza ce ma ke kwanci a ciki."

Sai jiniya ta cika wuri. Mai Girma ya sauko daga mota, cikinsa ya riga shi isowa, wani dogon matashi na biye da shi riƙe da ƙatuwar lema. Na ga Gwadabe ya daskare. Na sake dubawa. Imrana ne. Imrana mai mastas, yaron da tun yana sakandare yake gyara wa duk layinmu janareto. Gwadabe bai yi ƙarya ba, ko'ina Oga zai je yana tare da shi. Yaron ya hango ubansa cikin hular kwano, uban ya hango ɗansa da lema, kowa ya sunkuyar da kai. Ni kaina sai da na ji kunya ta rufe ni, raina kuma ya ɓaci ƙwarai.

Mai Girma ya yi jawabi, kuma a gaskiya ya iya jawabi. Ya ce lambatun nan in an gama shi, har daga ƙasashen waje za a riƙa zuwa kallo. Ya ce ruwa zai riƙa gudu a ciki cikin ladabi da bin doka. Sannan ya juyo gare ni, ya kira ni babban injiniya mai ba da shawara, ya miƙo mini makirfo ya ce in shaida wa jama'a yaushe za a kammala.

Me zan ce? Na gyara hular kwano na ce, "In Allah ya yarda, ranka ya daɗe."

Tafi ya ɓarke! Mai Girma ya rungume ni, ya ce tunda yake aiki da ƙwararru bai taɓa jin amsa mai ma'ana irin wannan ba. Firdausi ta miƙa almakashi, ya datse ƙyalle, aka yi ta ɗaukar hoto.

Da na ga ya yi fara'a, na ce yau ga dama. Na tuna masa da zamansa a rumfarmu, na nuna masa 'yata. Bai tuna rumfar ba, amma ya tuna tsiren.

"Ta yi mastas?" ya tambaya.

"Shi za ta tafi yi, ranka ya daɗe."

"Madalla. Ta kawo mu gani. Ko da yake yanzu mai digirin dokta muka fi buƙata." Ya faɗi haka yana tsaye a inuwar lemar da mai mastas ke riƙe masa.

Bai rufe baki ba sama ta kece, irin ruwan Fatakwal da ba ya sallama. Mai Girma ya faɗa mota, jiniya ta yi gaba, lambatun ya cika ya tumbatso kamar yadda ya saba, sabon allo ya bi ruwa. Saurayin mai kwat ya bi mu da gudu ya ƙwace hulunan, wai akwai wata ƙaddamarwar da la'asar. Kwandon albasata kuwa ya riga ya shige bayan motar wani.

Imrana aka manta da shi a wurin. Muka fake tare a rumfata, shi da lemarsa.

"Baba Badaru," ya ce da ni, "da na kai digiri na farko aka ce in ƙaro mastas. Da na kai mastas aka ce ina ƙwarewar aiki. Yanzu cewa ake in yi haƙuri sai an buɗe ɗaukar ma'aikata. Karatun bai cuce ni ba, na ƙaru da shi sosai. Jiran ne ya cuce ni."

Gwadabe ya matso. Ya zaro tsiren nan da ya naɗo wa Mai Girma daga cikin riga, ya warware, ya tura gaban ɗansa ya ce, "Ci, tun safe kake tsaye."

Na dubi Firdausi. Ta tuɓe takalmi, tana bakin rumfa tana kallon inda ruwan ke karo da kwalbati yana dawowa, har wani lanƙwasa kai take, ta manta da mu gaba ɗaya.

Na ce, "Ke 'yar taɓo, ran Litinin ki je wurin Madam ɗinki."

Ta juyo. "Mastas ɗin fa, Baba?"

"Inugu tashi za ta yi? In kin sha taɓon kin gano abin da kike son ƙarowa, ki je ki ƙaro. Amma don kanki, ba don bakin wani ba."

Ta yi dariya har da ƙwalla. Sannan ta ce wa Imrana ya shirya su tafi tare, ta ji Madam na cigiyar wanda ya san injin jan ruwa. Ko za a dace ko ba za a dace ba, ban sani ba, amma dai ya jingine lemar.

Ku da ke da 'ya'ya a irin wannan mararraba, ni ban ce mastas banza ba ne, ban kuma ce aiki ya fi shi ba. Ku dai tambayi yaran, su suka san inda suke da giɓi. Wanda bai kamata ku tambaya ba shi ne mai almakashi.

Yau da safe hoton ya fito a wayoyin jama'a, an rubuta a ƙasa wai ƙwararrun injiniyoyi sun ba da tabbaci. Ga ni nan ɓaro-ɓaro, ga Gwadabe, ga Mai Girma, har kazar ta leƙo. Injiniyoyin gaske biyu ne a wurin: ɗaya lema ta rufe masa fuska, ɗaya kuma hannunta da faranti kawai suka fito. Duk mai gadar da ke shirin rushewa ya same ni a rumfar albasa, amsata dai kun riga kun ji ta.