Lallen Hannuna da Fitilar Baba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da muka kai 'yar'uwata Saratu gidan miji a Karaye, can gaba da Maiyama, ba. Ko na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bar ni ba.

Baba yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da ta girme ni. Ran kasuwa ta tafi Aliero ta dawo tana warin albasa, ran biki a wanke ta, a turara ta, ta ɗauki amarya. Kusan duk amaryar da aka fitar daga unguwarmu a Jega shi ya kai ta, kuma yakan bugi ƙirji ya ce wadda ya kai ba ta taɓa dawowa da kayanta ba. Ba ya karɓar ko na mai. Abin alfaharinsa ke nan a duniya.

Sai ga shi a ƙarshen daminar nan ya fara dawowa gida da magariba yana goge katanga. Ran da ya hau kan tukunyar ruwan Umma a ƙofar gida, Yaya Nasiru ya same shi a zaure.

"Baba, dundumi na. Ka ba ni makullin ga, in riƙa kai ka duk inda kake so."

Baba ya zaro shi daga aljihu. Ya dubi makullin da ke hannunsa kamar wanda aka ce ya ba da ɗansa riƙo, ya mayar aljihu.

Ni kuwa, da na gama karatun lantarki a Aliero ina zaman jiran bautar ƙasa, sai na yanke hukunci a raina cewa idon Baba lafiya lau yake, fitilar motar ce ta tsufa. (Ni ce dai yarinyar da ta taɓa rubuta wa farin wata waƙa mai baiti goma sha. Abin da nake so ya zama gaskiya, shi nake ɗauka gaskiya.) Na ce wutar tana gajiya ne a cikin tsofaffin wayoyi kafin ta isa ƙwan fitila, maganinta rile. Rile ɗan akwati ne kamar na ashana, aikinsa na mai tsaron ƙofa: makunni ya yi masa raɗa, shi kuma ya buɗe wa wuta hanya kai tsaye daga batir.

Yaya ya yi dariya. "To, Injiniya. Ki ɗaura abinki. In ya kai Saratu ya dawo lahiya, ban ƙara maganar makulli."

Na sayo rilen da wayoyinsa a kasuwar Jega. Da safiyar ranar kai amarya na buɗe bonet na fara aiki a tsanake, ina ji kamar likitar da za ta ceto ran mahaifinta. Saura waya ɗaya, baƙar nan da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota don wuta ta sami hanyar komawa, sai Umma ta ƙwala mini kira: mai lalle ta gama da kowa, ni kaɗai take jira, kuma ba za ta kwana gidanmu ba. Na tafi. Aka zana mini furanni har gwiwar hannu. Na fito da hannuwa a sama kamar mai tuba, lallen bai gama bushewa ba, na saƙala wayar a wani ƙarfe kusa da hon, na murza notin da kan yatsu biyu. Na ce in lalle ya bushe zan dawo da sifana in ɗaure shi tamau. Na kunna fitila, ta kama. Ko da rana sai da haskenta ya fito a bango.

Ban dawo da sifanar ba. Na tafi neman gyalen da zai dace da anko.

Muka tashi bayan la'asar. Motar Yaya a gaba, tamu na bin ta, sauran a baya. Ni a kujerar gaba, Saratu a baya cikin lulluɓi tana shessheƙa, Gwaggo Hajo a gefenta tana gyangyaɗi. A Maiyama aka yi sallar magariba. Da Baba ya kunna fitila, hanya ta yi fari tas, har ƙwarin da ke shawagi a kan gonakin dawa sai da suka koma kamar yayyafin zinariya. Na saci kallonsa. Ya manne ƙirji da sitiyari. Ni kuwa har na fara haɗa baitin farko a kaina.

Da muka sauka daga kwalta muka shiga gargada, muka faɗa wani rami, sai ɗif. Duhu. Baba ya danna hon don ya tsayar da Yaya, sai ga haske ya dawo. Ya saki, ya ɗauke. Ya sake dannawa, ya dawo. Muka dubi juna.

"Uwata, mi ke nan?" (Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.)

"Ba komai, Baba. Ka dai riƙe."

Ya riƙe. Ai motocin kai amarya da hon aka san su, na baya ma da suka ji mu sai suka ɗauka, daji ya cika da ƙara. Babu wanda ya gane cewa mu ba murna muke yi ba.

A bakin gari Yaya ya tsaya, ya zo tagarmu da waya a hannu. Ya ce dangin ango sun kira: wani dattijo maƙwabcinsu ya rasu da rana, an kai shi, mutane na zaune a ƙofar gidansa. An ce a shigo da amarya shiru. Ba hon, ba guɗa. Ya dubi gaban motarmu da ke cikin duhu.

"Kun kashe hitila?"

"Muna hutar da batir," in ji ni.

Baba bai ƙaryata ni ba. Yanzu na san dalilinsa ya fi nawa nauyi.

Muka shiga gari muna rarrafe a bayan jar wutar motar Yaya. Sai ya sha kwana, jar wutar ta ɓace. Na ji numfashin Baba ya sauya. Motar na tafiya a hankali, ni ina ganin wasu farare-farare a ƙasa gabanmu, shi kuwa ba ya ganin komai.

"Baba, mutane!"

Ya taka birki, ya danna hon da tafin hannu gaba ɗaya. Haske ya faɗa kan dattawa a jere bisa tabarmi, hannuwansu a sama suna tsakiyar addu'a, hancin motarmu ya kusa taɓa takalmansu, hon na tsaga dare. Gwaggo Hajo ta farka firgigit, ta ɗauka an iso gidan ango, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa.

Da ƙasa tana da tausayi da ta tsage.

Na fito da ankona da furannina, na buɗe bonet a gaban masu makoki, ina haskawa da fitilar waya. Na zaro fiyus, lafiya lau. Na taɓa kan batir, a ɗaure. Na cire rilen na girgiza shi a kunne, kamar zai gaya mini wani abu. Sai karatun ya motsa, na tuna cewa ba a gane ciwo sai an maimaita shi. Ba tare da tunani ba na ɗaga murya:

"Baba, ƙara dannawa in gani!"

Shi kuma, bawan Allah, ya danna.

Wani tsoho daga kan tabarma ya ce a hankali, "Ɗiyata, mun ji. Wanda munka kai ɗazu ma, da ana ji can, da ya ji."

Babu wanda ya yi dariya. Da ma sun yi.

A wannan hasken na gan ta. Notin ya tsere tun a rami, baƙar wayar ta zame ta kwanta a kan bakin wayar hon, ta yadda rile ba ya samun hanya sai an danna. A jikin zoben da ke bakinta ga jan tambarin ɗan yatsana, ɓaro-ɓaro. Na ɗauko sifana a but, na kwance wani noti, na ɗaure ta da duk ƙarfina har fatar yatsana ta saɓule. Fitila ta kama, shiru, fes, ta haske bangon gidan mamaci. Aikin da bai kai tsawon alwala ba.

Baba ya fito, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma ya yi ta'aziyya ya ba da haƙuri. Saratu kuwa da ƙafa aka ƙarasa da ita. Ita ce amarya ta farko da motarsa ba ta sauke a ƙofar gida ba.

Da za mu koma, na tsaya ina jiran Yaya ya fara magana. Bai yi ba. Baba ne ya miƙa masa makulli, ya ce wani ya ja motar Yaya, ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da ni, a inda amare ke zama.

"Baba, laihina na," na ce, hawaye na zuba. "Yanzu ta gyaru. Wallahi ba ta ƙara ɗaukewa."

Ya juyo ya dube ni.

"Hitilarki ta yi, Uwata. Tun Maiyama nike ganin haskenta. Hanyar ce ban gani ba. Jar wutar Nasiru nike bi."

Har yau motar tana nan, Yaya ke tuƙa ta, kuma direbobin hanyar Aliero suna zaginsa saboda haskenta na kashe musu ido. Baba yana zama a gaba ran kai amarya, yana ba da umarni a kan ramukan da ya haddace. Ni kuwa a gida sunana ya koma Injiniya Mai Lalle, yara na ganina sai su ce "ƙara dannawa in gani".

Na koyi cewa noti ba ya jiran lalle ya bushe. Ɗayan darasin, wanda Baba ya gaya mini a kujerar baya, shi ne har yanzu ban iya rubuta masa ko baiti ɗaya ba.