Ranar da na tsuguna a tsakiyar titin Kano

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na tsufa haƙorana sun zube, da ranar da na tsayar da birnin Kano cak, ni kaɗai, ba sanda ba bindiga. Bara ne, a dogon hutun lakwal, wato makaranta, lokacin da Inna ta tura ni daga Tanut, can ƙasar Nijar, zuwa wurin ƙanenta, Kawu Sani, mai sayar da fatu a Fagge. Ta ce in je in ga duniya. (Gaskiyar maganar, ta gaji ne da ƙarata da maƙwabta ke kawowa.)

A zauren Kawu na fara ganinsa: baƙin keke mai ƙararrawa da madubi, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Na yi tsaye ina kallonsa har Kawu ya ce in rufe bakina kada ƙuda ya shiga. A Tanut duk garin kekuna uku na sani, biyu na mushe-mushe, wato malaman lakwal, ɗaya na mai raba wasiƙu. Kwana uku ina goge keken nan da gefen rigata, sannan Kawu ya ce, “To, ji nan. In ka gama hutun nan ba ka fasa shi ba, ba ka kuma fasa kanka ba, naka ne, ka tafi da shi gida.”

Tun daga ranar na fara shiga Tanut a cikin raina. Ga ni na ɓullo ta bakin kasuwa ranar Asabar, ina kaɗa ƙararrawa, raƙuma suna ba ni hanya, Buzaye suna sauke amawali don su gan ni da kyau. (Na san rabin hanyar garinmu rairayi ne, turawa zan yi. To, sai me? Mai tura keke ma ai mai keke ne.)

Kawu ya koya mini dokar birni. A nan ta hagu ake bi, ba ta dama ba irin ta ƙasarmu. Titi na mota ne. Mai keke nasa ɗan gefen nan ne kusa da kwata, shi ma in mota ta ga dama. In ka ji oda ka kauce, kada ka waiwaya, kada ka tambayi dalili. Na haddace duka. Amma abin ya yi mini nauyi, domin a wajenmu in kamiyo, babbar motar kaya, ya taso daga Damagaram, direba kan tsaya ya tambayi mai jaki lafiyar gida. A Kano kuwa wata biyu na yi ba wanda ya ce mini ina gajiya a kan hanya. Sai oda, sai zagi, sai hayaƙi a ido. Kullum da la'asar sai in ji ina kewar furar Inna, da kukan awakinmu, har da ƙanwata mai tona mini asiri.

Saura kwana shida in koma gida, Kawu ya aike ni da saƙo wurin wani mai jimar fata. Hanyar ta bi ta wani babban shataletale, inda ɗan sanda ke tsaye kan ganga da fararen hannayen riga yana juya motoci. Na shiga lafiya, ta hagu, kamar ɗan gari. Ina tsakiya ke nan sai idona ya faɗa kan wani tsoho yana ƙoƙarin tsallakawa, da sanda a kafaɗa, da faffaɗan takalmi irin namu na rairayi. Baba Ilu! Abokin kakana, bafataken shanu, wanda gidansa ke jingine da namu.

Mai karatu, ka yi mini adalci. A ƙasarmu ta Damargu, yaro ya ga sa'an kakansa ya wuce a bisa abin hawa? Ko jaki ne sauka ake yi. Ban ma yi shawara da kaina ba, ƙafafuna ne suka yanke hukunci. Na ja birki, na dira, na kwantar da keken a kan kwalta a hankali, na tuɓe takalmi, na tsuguna.

“Baba, ina wuni?”

Ya kare rana da tafin hannu ya dube ni. “Wa nake gani? Jikan Idi? Kai, ja'iri, kai ne ka yi wuya haka? Lafiya lau. Ina baƙunta?”

“Alhamdu lillahi. Yaya aka baro su Inna?”

“Lafiya ƙalau, tana gaishe ka. An yi ruwa sau huɗu bayan tafiyarka, gero ya kai ƙugu har wajen garin Gangara. Jar akuyarku ta haifi biyu.”

Wallahi a lokacin ban ji oda ko ɗaya ba. Ƙamshin ƙasar gonarmu kawai nake ji, hawaye na neman zubo mini. Daga baya aka gaya mini layin motoci ya kai har Zariya. (Wanda ya gaya mini maƙaryaci ne, amma na yarda da shi.)

Abin da ya farkar da ni usur ne a cikin kunnena. Ɗan sandan ya sauko daga gangarsa.

“Kai! Zauren ubanka ne nan?”

Baba Ilu ya ɗaga masa hannu cikin natsuwa. “Yi haƙuri, samari, ba mu kai kan dangin ubansa ba tukuna.”

Wani direba ya leƙo ta taga. “Ku shimfiɗa musu tabarma mana! A kawo fura!”

“Daga wane daji aka kamo waɗannan?” in ji wani.

A nan ne direban wata motar gyaɗa ya gaji da jira, ya ce bari ya raɓa ta gefe. Daga can samansa bai ga abin da ke kwance ba. Na ji ƙaras, ƙaras, sai ƙararrawar ta yi ƙara sau ɗaya, siririya, ta yi shiru. Da motar ta wuce, ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar an naɗe tabarma, madubi ya zama gari. Takalmina ɗaya ya manne da kwalta, ina jin yana can har yau.

Ɗan sandan ya dubi keken, ya dube ni, ya ce ko kama ni ba zai yi ba, abin da ya same ni ya isa. Na tambaye shi, to a ina mutane ke gaisawa a garin nan? Ya ce, “A gida.” Ya koma kan gangarsa.

Haka na ɗora keken a ka, takalmi ɗaya a ƙafa, na ratsa Fagge. 'Yan mata masu tallar goro suka bi ni suna tambaya nawa nake sayar da mudu. Baba Ilu na biye da ni yana faɗa wa duk wanda ya tsaya, “Yaron kirki ne, jikan Idi ne, ya san girman manya.” Da ma ya yi shiru.

Kawu bai doke ni ba. Ya zagaya keken sau biyu, ya zauna, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Da ya share hawaye ya ce, “Kanka dai bai fashe ba, rabin sharaɗi ke nan. Amma ba a ba da rabin keke.” Ya kai shi wurin mai gyara, ya ce zai ajiye shi sai na yi hankali. Ban tambaye shi yaushe ke nan ba, don na san amsar ba za ta yi mini daɗi ba.

Na koma Tanut a bisa buhunan kamiyo, na tarar Baba Ilu ya riga ni isa da kwana biyu. Tsofaffi suna ta sa mini albarka, sa'o'ina kuwa duk inda na gifta sai su zube ƙasa su tuɓe takalmi. Har yanzu in na rufe ido ina ganin keken nan a zauren Kawu, wani yana goge shi, ba ni ba.

Abin da na koya shi ne, in ka hangi babba a titin birni, ka daure ka zama marar tarbiyya na minti ɗaya, har ku tsallaka. Mota ba ta da kaka, ba ta san abokin kakan kowa ba.