Lambar Babur a Allon Majigi

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na fara ganin Kabiru yana kafe babur a gindin mangwaron ajinmu na kwamfuta a Ikara. Ya cire hular kwano, ya gyara wuyan riga, ni kuwa a zuciyata har na zaɓi kalar labulen falonmu. Nan da nan na haddace lambar babur ɗin (shi ko sunana bai gama riƙewa ba).

Matsalata ɗaya ce, Zainabu 'yar Furana. An ba mu aiki mu sa kwamfuta ta nemo adadin buhunan takin da ya fi dacewa da wata gonar rake. Za ka ba ta lambar da za ta fara lalube daga kanta, ka faɗa mata iyakar zagayen da za ta yi, da ɗan kuskuren da za ta lamunta kafin ta tsaya. Kullum na Zainabu ke riga nawa gamawa, kullum kuma sai Kabiru ya sunkuyo kan kujerarta ya ce, "Zee, kanki na ja wallahi." Ni ina gefe, nawa na ta juyi kamar injin markaɗe.

Kishi ya ba ni shawara. Na buɗe saitin, na rage zagayen, na faɗaɗa kuskuren har ya zama duk abin da kwamfutar ta tarar sai ta ce ya yi. Ina dannawa ta gama. Ko amsar ban duba ba, sauri kawai nake nema.

Ranar gwaji Malam ya haɗa kwamfutata da majigi. Kafin ya zauna an gama. Na juya a hankali, yadda taurarin littattafaina ke yi, don Kabiru ya gan ni da kyau.

Malam ya gyara tabarau. "Wannan takin ai ya ishi Makarfi da Kudan, har a rage wa baɗi. Kwamfutar ba ta motsa daga inda kika ajiye ta ba. Ina kika samo lambar farawar nan?"

Na ɗaga kai na kalli allon. Can daga bayan aji Kabiru ya ce, cikin mamaki na gaskiya, "Malam, ai lambar babur ɗina ce."

Aji ya fashe. Wani ya ce a tafi sayen goro. Zainabu ba ta yi dariya ba (wannan ya fi ƙona min rai). Ta zo ta mayar min da saitin daidai, ta raɗa min, "Ƙawata, ki bar ta ta yi lalubenta. Ni fa tun bara aka kawo kuɗin gaisuwata."

Tun ranar nake barin kwamfuta ta gama zagayenta, in kuma duba amsa kafin in juya.

Bara na haɗu da Kabiru a kasuwar Hunkuyi. Ya yi tumbi, yana sayar da taki. Muka gaisa har iyali, sannan ya ce, "Hajiya, tuna min sunan mana." Babur ɗin ya daɗe da sayarwa. Lambar dai tana nan a kaina.