Ruwa Iya Gwiwa

Taubashina Idi ya miƙo mini sandar fatsa cikin jirgi, a wani lungun teku kusa da Kwatano. Ya ce, "Zaren siriri ne, in kifi ya ci, lallaɓa shi."

Na yi tsaki. Ni da na girma ina jan guga a rijiyoyin Dakoro, kifi zan lallaɓa?

Kifi na ci, na fizga da ƙarfin guga. Zare ya tsinke, na hantsila cikin ruwa ina ihu ina kalmar shahada.

"Kai, miƙe tsaye!" in ji Idi.

Na miƙe. Ashe ruwan iya gwiwa ne.

Labari ya riga ni gida. Har yau in na ɗauki buta, sai matata ta ce, "Yara, ku riƙe babanku kar ya nutse."