Macijin da Na Saka a Wasiƙar Habu

Ba zan taɓa mantawa da zauren Malam Jibo na Utai ba, ko da tsufa ya kwashe duk abin da ya rage a kaina. Masu karanta littattafaina sukan tambaye ni inda na samo aljannu da dodannin da nake cika shafuka da su, ni kuma in gyara zama in ce baiwa ce daga Allah. Baiwar kam akwai ta, ba na musu. Amma gaskiyar magana ita ce a cikin wasiƙar mutane na fara, kuma saura ƙiris in kashe wa wani bawan Allah aure.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna. Ina saurayi, na gama elementare, aka ba ni ajin yaƙi da jahilci a Wudil, ina koya wa dattawa sa'o'in ubana abacada. Ba na shan taba, ba na zuwa dandali. Ciwona ɗaya ne, karatu. 'Yan littattafan bokon da ke garin ba su isa su cika adudu ba, na karance su har na haddace. Sai na koma kan guntun jaridar da aka naɗo sabulu da ita, da takardar da ke koyar da tsabtace rijiya, da rubutun jikin gwangwanin madara. (Akwai ranar da na bi wata takarda da iska ta ɗauka tun daga tasha har bakin kogi. Da na cafke ta, babu ko ɗigo a jikinta. Masunta suna kallona.)

Da abin karantawa ya ƙare, sai na fara rubuta nawa. Ina da wani littafin rubutu mai shuɗin bango, a ciki nake zuba garuruwan ƙarƙashin ƙasa da tsuntsaye masu magana. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Tatsuniya aikin tsofaffin mata ce, ina malami guda mai farar riga da alƙalami a aljihu zai ce ita ce ta hana shi sukuni?

Ran Juma'a, ranar kasuwa, nakan zauna a rumfar Baba Audu tela, wanda ɗalibina ne a aji. Nan mutanen ƙauye ke kawo mini wasiƙun 'yan'uwansu na ci-rani in karanta musu. A nan na san Iya Tasalla, wata tsohuwa mai daddawa da ke zuwa daga Utai a ƙafa. Ɗanta Habu ya tafi Jos haƙar kuza. Shi ne ɗan farinta, shi kaɗai kuma Allah ya bar mata, don haka ko sunansa ba ta kamawa. Bayan mun gaisa, na tambaye ta gajiya da mutan gida da kasuwa, sai ta kwance bakin zane ta miƙo takarda tana kallon wani wuri.

"Malam, ga takardar wancan. In da hali ka duba, in babu ma a bar ta."

Ta ce a bar ta, amma ba ta janye hannun ba. Na buɗe na karanta mata abin da ke ciki: "Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya. Akwai sanyi. A gai da kowa. Ni ne Habu."

Ta tsaya tana jiran sauran.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Iya."

"To, madalla," in ji ta. Ta naɗe takardar ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Wallahi tafiyar nan tata ta tsaya mini a rai har mako ya zagayo. Na ji haushin Habu, mutumin da ban taɓa gani ba.

Bayan wata guda wasiƙa ta biyu ta zo. Daidai take da ta farko, sai dai inda aka ce akwai sanyi, yanzu an ce akwai ruwa. Na kai ƙarshe na ɗaga kai, muka haɗa ido da tsohuwar. Ban san lokacin da na mai da kaina kan takardar ba, bakina ya ci gaba shi kaɗai: "Iya, kullum ina tuna miyar kukarki. Ta nan ba ta da daɗi." Ta juya mini baya ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Ji shirme." Da za ta tafi ta ajiye mini daddawa uku a kan benci.

Da a nan na tsaya, da ko gaban alƙali zan iya kare kaina. Amma ina. Na ɗanɗana abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba, wato in faɗi abin da na ƙirƙira, wani ya saurara.

A wasiƙa ta uku Habu ya gamu da maciji a cikin ramin kuza, tsawonsa ya kai igiyar guga uku, ya kashe shi da shebur. A ta huɗu aka gano ashe macijin gadin wata ƙofa yake yi, bayanta kuma akwai gari guda wanda gidajensa duk na kuza ne. Kafin ta biyar, tun ran Litinin nake shiri a littafina mai shuɗin bango, ina gogewa ina sakewa. Mata masu kayan miya suka fara barin kayansu su zo su tsaya bayan Iya. Baba Audu yakan ɗage ƙafa daga keken ɗinki ya saki baki.

"Malam," ya ce da ni wata rana, "wannan 'yar takardar ce ta ɗauke zancen nan duka?"

Na ce masa ai rubutun Jos a dunƙule yake, sai wanda ya yi nisa. (Allah ya yafe mini. Ko ƙifta ido ban yi ba.)

A wasiƙa ta shida na shigo da 'yar sarkin aljannun garin, mai gashi har diddige, ta tari Habu a bakin ƙofa ta miƙa masa ruwa a ƙoƙon azurfa. A nan na tsaya, don na lura in ka tsaya a irin wurin nan, wata Juma'ar rumfa ba ta ɗaukar mutane.

Abin da ban sani ba shi ne Habu yana da yarinyar da yake nema a Utai, Ladi 'yar Malam Jibo, kuma duk abin da na faɗa a rumfa kafin magariba ya isa ƙofar gidan. Bayan kaka Habu ya dawo don a sa rana. Malam Jibo ya ce sam, ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da aljana ta shayar ba, kowa ya san irinsu ba sa barin amarya ta zauna lafiya. Habu ya rantse shi ban da taɓo da shebur bai ga komai a Jos ba. Malam Jibo ya ce to a takarda aka gani, kuma takarda ba ta magana sai abin da aka zuba mata. Ko dai Habu ya yi ƙarya a da, ko kuma yanzu yake yi, kowanne ne dai babu aure.

Sai aka aiko in je Utai. Ku ji wautata, ni a zatona labarin ne ya yi daɗi har manya suke son ji daga bakina. Na sa farar rigata, na soke alƙalami a aljihun gaba inda kowa zai gani, na ari keke na kama hanya bayan azahar ina ta shirya abin da aljanar za ta ce.

Na yi sallama na shiga zaure. Malam Jibo na kan buzu, dattawa huɗu a gefensa. Can kusa da ƙofa wani dogon saurayi ya sunkuyar da kai, tafin hannunsa duk kanta. Ban buƙaci a gaya mini Habu ne ba. Ga wasiƙu shida a jere kan tabarma. Ga kuma Baba Audu tela, ɗalibina, wanda makon da ya wuce na miƙa masa takardar shaidar iya karatu da hannuna, har na yabe shi a gaban aji.

Muka gaisa gaisuwa mai tsawo.

"Malam," in ji Malam Jibo, "mun ji naka karatun a bakin mutane. Yau Audu ne zai karanta, tunda ku kuka koya masa. Kai dai ka saurara, in ya yi kuskure ka gyara."

Baba Audu ya yi bismilla, ya ɗauki ta uku, wadda ya san ita ce ta maciji. Ya ɗora yatsa. "Gai-su-wa... mai... ya-wa. I-na... la-fi-ya." Zufa na keto masa, ni ma haka. Ya kai "Ni ne Habu", ya tsaya. Ya juya bayan takardar, fari fat. Ya ɗaga ta sama wajen hasken ƙofa. Ya leƙa cikin ambulan, har ya zazzage shi.

"Malam, ina macijin?"

Ya ɗauki ta huɗu, ya ɗauki ta biyar. A ta shida, inda ya kamata a sami 'yar sarkin aljannu da ƙoƙon azurfa, abin da ya samu shi ne akwai ƙura. Ya ajiye, ya dube ni da idon nan nasa na tsufa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ko dai ni ne ban iya ba, Malam? Ka ce na Jos a dunƙule yake."

Ba zan ɓoye muku ba, Shaiɗan ya zo mini da shawara. Kalma ɗaya zan ce, "E, Baba, sai aji na gaba," in fita da farar rigata ba tabo. Amma ga dattijon da ya shekara yana fama da baƙi da wasali yana shirin yarda cewa wahalar banza ya yi. Ga Habu da aurensa na rataye a bakina. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kunnuwana har zafi suke yi.

"Ka iya, Baba. Daidai ka karanta. Babu maciji a ciki, ni na saka shi."

"Garin kuzar fa?" in ji Malam Jibo.

"Shi ma."

"Aljanar?"

"Duk daga kaina suka fito, Allah ya gafarta Malam."

Sai a lokacin Habu ya ɗago kai ya dube ni, ya yi maganar da ta fi kowace wasiƙarsa tsawo: "Malam, shekara biyu ina cikin taɓo. Ko ƙadangare ban kashe ba."

Wani dattijo ya fara tuntsurewa da dariya, sauran suka bi, har da Baba Audu yana share hawaye. Malam Jibo kaɗai bai yi dariya ba. Ya wanke ni tas. Ya ce wanda bai iya karatu ba idonsa ya ara maka, in ka nuna masa abin da babu, to makantar da shi ka yi. Na durƙusa ina cewa na tuba, alƙalamin ya zame daga aljihu ya faɗi gaban kowa, ban ko iya ɗauka ba. Da ya gama da ni ya juya ya sa ranar aure, wata biyu masu zuwa.

Na fito ina jan keke. A gindin wata tsamiya na tarar da Iya Tasalla zaune. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na jingine keken na tsuguna.

"Iya, ki yafe mini."

"Tashi, kada ka ɓata rigar gwamnati. Ni fa na haifi wancan. Tun yana ƙarami in ka ce masa ya gona, sai ya ce lafiya, ya wuce. Layi uku a takarda, kai kuma ka yi ta karatu har rana ta karkata. Boko ne ban iya ba, ɗan nan, ba ido ne ba ni da shi ba."

"To me ya sa ba ki hana ni ba?"

Ta ɗan yi wasa da bakin zane. "Miyar kukar nan. Na san ba shi ya faɗa ba, amma na tafi da ita gida. Sauran kuwa daɗi suka yi mini, ban san za su kai ƙofar Jibo ba. Na ce masa ƙarya ce, ya ce me tsohuwa ta sani a kan takarda. Shi ne na ce a kira Audu."

Wato ita ta haɗa mini zaman nan.

"Amma fa," ta ce tana miƙewa, "ka bar yarinyar nan tsaye da ƙoƙo a hannu. Ran Juma'a ka zo ka ƙarasa. Sai dai ka cire sunan ɗan mutane."

Daga ranar ba wanda ya ƙara kawo mini wasiƙa. Baba Audu ne ya gaje ni, yana yi a hankali da yatsa, ba ragi ba ƙari. Ni kuma aka bar ni da ƙarshen benci da littafina mai shuɗin bango, ina karantawa a fili, kowa ya san ƙarya ce, kuma rumfar ta fi da cika. Labarin nan ne, bayan shekaru, ya zama littafina na farko da aka buga. Iya ba ta ga fitowarsa ba, amma ta ji ƙarshensa, har ta sa na canza shi don ta ce aljanar ta cika rashin kunya.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka shirga ƙarya, ka shirga ta a takardarka, ka sa sunanka a bango, kada ka ari na wani. Habu dai ya yafe mini, har sunan ɗansu na fari na je. Amma har ya koma ga Allah, duk inda muka haɗu, ko a jana'iza ne, in mun gama gaisawa sai ya matso kusa ya rage murya ya ce, "Malam, ya macijin?"