Rasuwar Baƙo, Akwatin Talabijin na Malam Abdulhamidu

Da zuciya cike da baƙin ciki har wuya, da kuma sallamawa ga hukuncin Mai Duka, Malam Abdulhamidu, malamin firamare a garin Tambuwal, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da yaran unguwa rasuwar akwatin talabijin ɗinsa, wanda aka fi sani da Baƙo. Marigayin ya cika wata Asabar cikin daminar bana a garin Kebbe, a ɗakin Inno, mahaifiyar Malam, bayan gajeriyar rashin lafiya. An jinkirta wannan sanarwa ne saboda wata rasuwar da ta biyo bayan tasa, ta 'yar farin Malam, yarinya 'yar aji uku. Waccan rasuwar al'ada ba ta ba Malam bakin maganarta ba. Ta akwati kuwa babu mai hana shi.

An haifi marigayi a wata ƙasa mai nisa, ya ƙetaro teku a shekarun da kuɗin man fetur suka sa har masinjan ofis ya hau sabon babur. Malam ya ɗauko shi daga Sakkwato ba da daɗewa ba bayan an ba mu jiha tamu. Fari da baƙi yake nunawa, bai taɓa yin alfaharin launi ba. Abincinsa batirin mota ne. Kunnensa kuwa eriya ce bisa wani dogon gora da ya ɗara rufin masallacin unguwa, abin da ya jawo wa Malam 'yar magana wajen dattawa. Da labari ya kai wa Inno a Kebbe cewa ɗanta ya shigo da akwati mai mutane a ciki, sai ta ce a ƙyale shi, ai baƙo raɓa ne. Sunan ya bi shi ke nan.

Marigayi mai haƙuri ne. In hoto ya fara birgima aka kai masa mari a kunci, ba ya ramawa, sai ya yi "shuuu" ya daidaita. Ya karanta labarai, ya kawo wa'azi ranar Juma'a, ya nuna kokawa bai goyi bayan kowa ba. Amma aikin da za a fi tuna shi da shi shi ne na ranar Asabar bayan La'asar, lokacin da yake fara wannan busa tasa, "tararam tararam", yaran unguwa su cika zaure har bakin ƙofa don kallon katun, wato zanen nan mai motsi na jarumai masu tashi sama.

Ba a ƙarya a kan gawa, don haka Malam zai faɗi gaskiya game da jaruman nan. Aikinsu ba wani aikin a zo a gani ba ne. Jarumi zai gama magana bakinsa na ta motsi kamar akuya mai tuƙa. In yana gudu, itace ɗaya zai yi ta wucewa, ya wuce shi ya sake wuce shi, ko kunya babu. Labarin kullum guda ne: mugu mai baƙar hula ya ƙulla sharri, a fatattake shi, ya tsere yana rantsuwar zai dawo, sannan jarumai su jeru su ƙyalƙyale da dariya a kan maganar da ba ta da abin dariya. Na baya-bayan nan ma sun fi lalacewa. Kowane mako sai an fito da sabuwar mota mai fiffike ko sabon takobi mai walƙiya, har wani abokin aikin Malam da ya yi karatu a Turai ya ce ai don a sayar wa yaran can da 'yan tsana ake yin su. Ashe talla ce aka sa wa wando da hula. To, Tambuwal dai babu kantin da ke sayar da su, sai yaranmu suka ƙera nasu da kara da laka da gwangwanin madara, suna ta musu ko rigar jarumi ja ce ko kore, tunda marigayi bai taɓa gaya musu ba.

Babbar ƙaryarsu kuwa ita ce ba wanda ke mutuwa. Bene zai rufto wa mutum, ya miƙe ya kakkaɓe riga. Wannan ƙaryar Malam ya fi tsana, kuma ita ce ya fi gode wa.

Dalili shi ne yarinyar. Kowa ya san kunyar ɗan fari a gidajenmu, balle gidan da Inno ta yi tarbiyya. Uba ba ya kiran sunan 'yar farinsa, ba ya ɗaukarta, ba ya zama ya fuskance ta da hira. In ta shigo ya sami abin dubawa a bango. Malam ya riƙe wannan fulako yadda aka koya masa, bai taɓa saki ba. Ga yarinyar kuma da ciwon nan na jini da ke sassaƙar ƙashi duk lokacin da sanyi ya shigo. Takan kwana tana murƙususu, shi yana zaure yana jin komai, ba damar ya leƙa ya ce sannu. Yana sonta fiye da yadda ya iya faɗa, kuma tsoronsa ɗaya ne a duniya: kada ta tafi ba ta taɓa jin magana daga bakinsa zuwa gare ta ba.

Marigayi ne ya samo musu hanya. Ranar Asabar Malam kan zauna gaba a kujerarsa, ita tana can baya bisa tabarma kusa da ƙofa. Jaruman Turanci suke yi, ita ba ta ji, shi kuma ba ya iya juyawa ya fassara mata. Sai ya shiga yi wa akwatin faɗa. "Kai Baƙo, wato cewa kaka yi mai baƙar hula ya sace ruwan garin duka? Amma ba ka da kirki." Yara suka yi ta dariya, wai Malam ya fara zance da katako. Ita ba ta yi dariya ba. Bayan 'yan makonni sai aka ji muryarta daga baya, a hankali, ita ma da akwatin take. Akwai jarumin da ta fi so, wanda yara ke kira Mai Ƙashin Ƙarfe. Ta ce, "Baƙo, shi ƙashin ƙarfe yana jin sanyi?" Malam ya dubi gilashi ya ce, "Baƙo, kai ma ka san ba ya ji." Haka suka yi shekaru, uba da 'ya, kowa na aiken Baƙo wajen ɗan uwansa, bai taɓa ƙin zuwa ba, bai kuma taɓa kai maganar waje ba.

Ga yadda ciwon ajali ya sami marigayi. Wata Asabar, karo na farko a tarihinsu, jaruman suka kasa gama aikinsu a yini ɗaya. Mai baƙar hula ya danne Mai Ƙashin Ƙarfe da dutse, aka nuna hannunsa kaɗai a waje, sai rubutu ya fito wai sai mako mai zuwa. Cikin makon nan ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, sanyi ya shiga yarinyar, ciwo ya tashi irin wanda bai taɓa yi ba. An kai ta asibiti, aka yi abin da za a iya, aka sallamo su. Inno ta aiko a kai mata jikarta Kebbe, don ɗan fari na kaka ne, kuma Malam bai da ikon hanawa, aka kai ta. Ranar Juma'a wani mai babur ya zo da saƙo daga Kebbe. Ya ce yarinyar ba ta cin komai, kuma ba ta da magana sai tambaya ɗaya, ko Mai Ƙashin Ƙarfe ya tashi.

Da safiyar Asabar Malam ya ari zanen matarsa Mero ya goya marigayi a baya, ya ɗaure da majanyi kamar jinjiri. Ya ɗora batir a bayan babur, ya ɗaura eriya a gefe. Wanda ya san hanyar Kebbe da damina ba sai an yi masa bayani ba. Sun faɗi cikin taɓo, sun tashi, sun sake faɗi. Mutanen ƙauyuka suka bar noma suna kallon malamin makaranta da goyo. Suka isa wajen Azahar, shi da akwatin ba a gane wane ne wane don laka.

Malam ya ajiye shi a tsakar gida, ya wanke jiki, ya tafi masallaci, daga can ya biya neman gora. Inno ta fito ta ga baƙo cikin wannan hali. A wajenta baƙon da ya sha hanya ruwa ake fara ba shi, kuma ba a shigar da ƙazanta ɗakin mara lafiya. Baiwar Allah ta ɗebo ruwa a tulu, ta wanke shi tas kamar ƙwaryar nono, gaba da baya, har cikin 'yan ramukan da yake numfashi, ta goge shi da gefen zanenta ta kai shi ɗaki. Malam ya dawo ya same shi yana ƙyalli, bai kawo komai a ransa ba. Ya kafa gora, ya juya wa gadon yarinyar baya, ya maƙala wayoyin batir. Marigayi ya ce "ƙirrr", ya ce "fat", wani siririn hayaƙi ya fita ta bayansa. Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Malam bai riƙe Inno da komai ba, kuma yana roƙon kada wanda ya je mata da wannan zance.

La'asar ta yi, gilashi baƙi ƙirin. A cikin baƙin nan Malam ya hango ɗakin da ke bayansa, da gadon kara, da fuskar yarinyar tana jira. Bai taɓa kallonta tsawon haka ba. Ta rame ƙwarai. Sai ya gyara zama ya fara yi wa gawar faɗa kamar yadda ya saba. Ya ce wato Baƙo cewa yake yi yatsun hannun sun motsa. Ya ce dutsen ya tsage. Ya ce Mai Ƙashin Ƙarfe ya miƙe ya kakkaɓe riga, ko ƙwarzane babu, ya bi mai baƙar hula har bayan gari. Ƙarya yake shararawa, shi da ya yi shekaru yana zagin maƙaryata, kuma ya yi ta da kyau, har da itacen da ake wucewa ana sake wucewa.

Da ya yi shiru, sai muryar ta zo daga baya. "Baƙo, ka gaya ma Malam komi yac ce na ji. Amma ya mance dariyar ƙarshe."

Ya yi mata dariyar. Allah Ya sani ya yi, ko da yake abin da ya fito daga maƙogwaronsa ya sa Inno ta leƙo ta ga ko lafiya. A nan ne ya kamata ya juya. Wuyansa kawai zai karkata ya kira sunanta, ba wanda zai kashe shi. Ya ji takun mahaifiyarsa a bakin ƙofa, sai ya tashi ya fita kwance gora. Yarinyar ta cika kafin wata Asabar ɗin. An yi zaman makoki a Kebbe, ana yi wa Inno gaisuwa, Malam na shimfiɗa wa baƙi tabarmi da busassun idanu. Mutane suka yi ta yaba masa, suna cewa haka ake son ɗan gidan mutunci. Yabon nan ya fi masa komai ciwo.

Marigayi ya rasu ya bar batir ɗaya da ba ya riƙe wuta, da dogon gora wanda Mero ta riga ta mayar abin shanya, da yaran unguwa masu yawa waɗanda suka koma gidan wani mai akwati mai launi. An ce sun gano rigar jarumin shuɗiya ce, duk musunsu ya tashi a banza. An kuma ce sun ga yadda labarin dutsen ya ƙare. Malam yana roƙon kada kowa ya gaya masa.

Ɗanmaliki mai gyaran rediyo ya nemi a ba shi gawar ya ciri abin da zai yi amfani, an ba shi haƙuri. Liman ya ce ba a yi wa akwati salla, kuma gaskiyarsa ne, ba a nema ba. Za a naɗe marigayi cikin zanen da aka goya shi, a binne shi a bayan gida ranar Asabar mai zuwa bayan La'asar. Daga nan Malam zai zauna karɓar gaisuwa a zaurensa na Tambuwal har kwana uku. Ba a bukatar goro ko hatsi. Wanda ya shigo ya tarar da shi yana kuka kada ya yi mamaki, kada kuma ya ba shi haƙuri da wuri, akwatinsa yake yi wa, kuma babu al'adar da ta hana.

Roƙo ɗaya gare shi ga masu zuwa. Duk kun san sunan yarinyar. In an shafa fatiha, wani daga cikinku ya faɗe shi da ƙarfi, yadda na kan kujerar gaba zai ji. Malam ba zai amsa ba, kuma ba zai juyo ba, amma a faɗa.